Wurin Almakashi

Malamar asibiti da tela sun daɗe suna son juna, amma kowannensu aure ya taɓa ƙona shi. A shagon hoto sai ta ja gefe.

"Matso mana, Hajiya," in ji mai hoto.

"A bar wurin almakashi," ta ce. "Na yanke tsohon mijina daga hoton wancan auren, amma har yau hannunsa yana kafaɗata a hoton."

Tela ya yaba hangen nesanta, shi ma ya ja gefe.

Hoto ya fito da fili kamar titi a tsakaninsu, sai dai kowa yana satar kallon ɗan'uwansa. In ta yanke tela, za a gan ta tana yi wa bango murmushi.

"A sake ɗauka?" in ji tela.

Ta jefa hoton a jaka. "Bar shi, Malam. Kada mu wahalar da mai hoto."