Igiyar Walit

Walit ne ya ce sai mun je gidan tarihin jiragen ruwa. Ni ba na zuwa irin waɗannan wurare. Abin da na yi da hannuna ba sai an nuna min shi a bayan gilashi ba. Amma likita ya gama magana a kan zuciyarsa, kuma washegari 'yarsa Seriba za ta mayar da shi tsibirin Badu, inda yake so a binne shi. Daga nan birnin Townsville zuwa can ba tafiyar da zan ƙara yi ba ce. Na sa farar rigata ta zuwa coci, na fita.

Walit mijin ƙanwata ne, marigayiya Telita. A da shi mai nutso ne, ni mai riƙe masa igiya, a jirgin ɗibar ƙumbar teku, wadda Turawa ke yin maɓallan riga da ita. Shekara hamsin da shida ke nan yana kan keken guragu. Ni na ɗora shi a kai. Ban taɓa faɗa masa ba, kuma ranar nan kaɗai ta rage min.

Seriba ta sauke mu a bakin ƙofa.

"Kawu, kasuwa zan leƙa in dawo. Don Allah ban da faɗa."

"Faɗa da wa?" in ji Walit. "Wannan da ko dariya sai ya nemi izini? Tura ni, Alƙali."

"Ka ƙara nauyi, Kunkuru," na ce. Sunayen da muke kiran juna ke nan tun a jirgi.

"Kai dai ka ƙara tsufa."

Ciki sanyi ƙalau, sai ƙanshin fenti. Jirginmu warin ruɓaɓɓiyar ƙumba yake yi, da kyankyasai kamar babban yatsa. Mun wuce ƙarafan tsayar da jirgi, mun wuce fitilu da hotunan kyaftin-kyaftin masu gemu. Walit yana karanta min rubutun da ƙarfi, don ya san karatuna ba ya sauri. A can ƙurya muka same shi: kwalkwalin masu nutso, na tagulla, mai taga uku, an goge shi yana walƙiya, tiyon iska a naɗe a gefensa.

"Dubi yadda suka wanke shi," Walit ya ce. "Nawa warin bakin mutum biyar yake yi."

Mu ba ma sa cikakkiyar rigar nutso. Kwalkwali kawai, ya zauna maka a kafaɗa, sai igiya a ƙugu. Da igiyar ake magana. A jirginmu ja ɗaya, lafiya lau. Biyu, sako min. Huɗu, fito da ni. Sai dai wanda ya daɗe a zurfin gaba talatin ba a fizgo shi kai tsaye, jininsa zai lalace. Ana tsayar da shi a gaba goma, ya yi ta reto a ruwa minti arba'in. Ko ya ja huɗu, ko ya ja goma, ba ka kula shi. Abin da aka fara koya min ke nan: hannunka ya ji, zuciyarka kada ta ji.

Ranar da abin ya faru muna ruwa mai zurfi kusa da tsibirin Erub. Na tsayar da shi a gaba goma. Minti biyar kawai ya yi, ya ja huɗu. Na riƙe. Ya ƙara. Na riƙe. A na uku igiyar ta kama karkarwa kamar an kamo babban kifi, sai na ga fuskar Telita, na jawo shi. Ya hau jirgi da ƙafarsa, ya nemi shayi. Kofin ne ya fara faɗuwa daga hannunsa. Mun mayar da shi ruwa ko jininsa zai daidaita, amma aikin gama ya gama. Na gaya wa kyaftin tiyo ne ya yage a jikin dutsen murjani, ba yadda zan yi. Haka na gaya wa Telita. Duk Badu aka ce ni, Jomen, na ceci mijin ƙanwata. Da wannan yabon na tsufa.

Kusa da kwalkwalin akwai benci, da wata igiya da aka ajiye don masu son gwada ƙulli. Walit ya jawo ta, ya murza ta a yatsunsa.

"Roba ce. Wannan ko akuya ba zan ɗaure da ita ba. Ungo."

Ya miƙo min baki ɗaya, ya riƙe ɗaya. Na zauna. Hannuna ya kama ta yadda ya saba, tsakanin babban yatsa da manuni. Ya ja sau ɗaya. Na mayar masa.

Na ce, "Walit."

"Iye? Yau kuma da sunana? Wa ya mutu?"

"Tiyon nan bai yage ba."

Ya ɗago ya dube ni, na ci gaba.

"Tsoro na ji, na jawo ka. Saura minti talatin da biyar. Ni na ci ƙafafunka."

Wasu Turawa biyu suka zo suka ɗauki hoton kwalkwalin, suka wuce. Ya jira har suka yi nisa.

"Alƙali, a ina kuka kwantar da ni ranar?"

"A bayan jirgi."

"Kan me?"

Na tuna.

"Kan tiyon kuka ɗora min kai. Kwana biyu muna tafiya zuwa asibiti, ba abin da nake yi sai shafa shi. Daga farko har ƙarshe na bi shi da hannu. Ko ƙwarzane babu."

"Ka sani, ka bar ni?"

"To in ce me? In gaya wa Telita yayanta maƙaryaci ne? Da ta ƙi kai maka abinci, ka mutu da yunwa, kai da ko ruwan zafi ba ka iya dafawa ba."

"Ba wasa nake ba."

"Na sani. Yaushe ka taɓa yi?" Ya dubi kwalkwalin. "Kai ma ba ka taɓa tambayata me ya sa na ja ba. Ba abin da na gani a ruwan nan. Ba kifi, ba komai. Shuɗi kawai, sama da ƙasa. Sai na ji kwalkwalin yana matse ni. Hannuna har ya kai kansa, zan ture shi in yi sama da kaina. Ka san waɗanda suka yi haka. Da ka ƙara riƙe ni minti ɗaya, gawa za ka kai wa ƙanwarka."

Na dube shi sosai. Walit ya iya tsara magana tun yana saurayi. Wataƙila gaskiya ce. Wataƙila kuma a kan keken nan ya zauna ya ƙera ta, ya ajiye min, kamar yadda na ƙera tawa. Ba ni da hanyar sani, kuma ban ga ina da bakin tambaya ba.

"Duk da haka ba aikina ba ne in ja," na ce.

"Ba aikinka ba ne," ya ce. "Wannan kam ka faɗi daidai."

Abin da na zo ji ke nan. Da ya ce min ba komai, da ban yarda da sauran ba.

Muka zauna. Can ya gyara zama, ya ja igiyar sau huɗu.

"Sanyin wurin nan ya ishe ni. Fitar da ni."

Na dubi agogona. Ban motsa ba.

Ya ƙara ja huɗu. "Kai, kurma! Shayi nake so."

"Saura minti talatin da biyar."

Ya buɗe baki, ya rufe. Sai ya kama dariya har tari ya sarƙe shi, ya zage ni, ya haɗa da kakana. Na riƙe igiyar. Daga baya ya jingina, ya lumshe ido. Lokaci zuwa lokaci yakan ja sau ɗaya, in mayar masa.

Seriba ta shigo da ledojinta, ta same mu a haka.

"Kawu, lafiya? Tun ɗazu nake jiranku a mota."

"Zauna," na ce. "Babanki bai gama ba. Saura minti shida."