Hankakan Ruwa a Gonar Khalilu

Khalilu na da gonar dabino a wajen Bi'ir Ali, inda alhazai ke ɗaura ihrami kusa da Madina, gadon kakansa da ya zo hajji daga Kano da ƙafa bai koma ba. A tsakiyar gonar akwai babbar birka, wato tafkin ban ruwa, ya zuba karfasa a ciki, suka yi ta haihuwa har maƙwabtansa na unguwar Ƙurban suka saba cin kifinsa ranar Juma'a.

Da sanyin shekarar 1983 sai ga wasu baƙaƙen tsuntsaye masu dogon wuya sun sauka. Su nutse, su fito da kifi a baki, su hau katanga su shanya fukafukai. Wani Balarabe ya ce sunansu gurabul ma'i, wato hankakan ruwa.

Khalilu ya aro bindiga. Kafin ya kai ta gona, zance ya riga shi zaga unguwa, mutane suka cika masa majalisa.

"Farauta a haramin Madina, Khalilu?" in ji yayansa Ja'afaru. "Ka ji tsoron Allah."

"Yaya, ai hankaka ne," in ji Sabiru maƙwabcinsa. "Hankaka kuwa an yarda a kashe shi ko a cikin harami."

"A ina ka taɓa ganin hankaka na iyo?"

Abdou, wani tela ɗan Cadi, ya ce a bakin tafkinsu sun taɓa harbe su, da shekara ta zagayo suka dawo sun fi da yawa. Wani kuma ya ce ƙarar bindiga za ta firgita alhazai masu ɗaura ihrami. Ƙaltume matarsa, daga bayan labule, ta ce ita ba ta dafa tsuntsu mai ƙarnin kifi, to kisan na mene ne?

Khalilu ya tafi wurin limamin unguwa. Liman ya tambaye shi ko birkar na cikin iyakar harami ko waje.

"Wallahi, ya shaikh, ban sani ba. Kakana ya ce ciki, wanda muke iyaka da shi ya ce waje."

"To ka bincika tukuna."

Ya bincika. Duk wanda ya tambaya sai ya nuna masa wani dutse daban, ya ce nan ne iyakar.

Wata safiya ya gaji, ya ɗauki bindiga ya tsaya bakin birka. Ya auna ɗaya, ya sauke. Ya sake ɗagawa, sai ya harba sama. Tsuntsayen suka tashi, suka yi kewaye, suka dawo suka zauna. Tattabarun maƙwabcin gonarsa kuwa suka watse, mutumin ya ƙaurace masa har azumi.

Da zafi ya shigo, tsuntsayen suka tafi da kansu. Khalilu ya jefa raga a birka, ya ja, 'yan ƙanana kaɗan ne suka fito. Ya daɗe yana kallonsu, sannan ya mayar da su ruwa, ya je ya kunna injin ban ruwa.