Jaz Ɗin Winifred

A kasuwar Makarfi labarin ya iske Mama Agnes. Maƙwabciyarta Beauty ce ta raɗa mata cewa 'yarta Winifred, wadda ke jami'a a Zariya, jaz take nazari. To, a bakin mutanen gari, jaz asiri ne, aikin bokaye. Nan take ta kama hanyar gida, Nasarawan Doya.

Ta tarar da Winifred a tsakar gida tana ɓare gyaɗa.

"Ke da Zariya kun yi ban kwana," in ji ta. "Ni da ke waƙa a zumuntar matan coci, 'yata ce za ta zama bokanya?"

Winifred ta kwashe da dariya, sai da ta ga idon uwar ya kawo ruwa ta natsu.

"Mama, kiɗa ne fa. Na baƙaƙen Amurka, jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka. An raba su da sunayensu da harsunansu. Can a baya, wasunsu suka ce sun gaji da roƙon Turawa su karɓe su, su ma al'umma ce mai asali. Makaɗansu suka yar da sunayen iyayen gijin kakanninsu, suka nemo gangunan Afirka, suka daina busa yadda Bature ya tsara."

"Daɗin baki. Haka masu asirin ma ke yi."

Winifred ta danna waya ta ajiye a kan tabarma.

Ganguna suka fara, sannan wani ƙaho ya shigo. Bai bi hanya ba. Ya yi gurnani, ya hau sama, muryarsa ta tsage kamar ta macen da aka yi wa rasuwa, ya faɗo ya sake tashi. Mama Agnes ta kasa kunne. Rabonta da jin irin wannan tun tana yarinya a ƙauyensu na kudancin Kaduna, ranar da aka busa ƙahoni aka raka kakanta kabari. Ba ta san lokacin da ta zauna a kan turmi ba.

"Wa ya mutu musu?" ta tambaya a hankali.

"Gida suke kira, Mama."

"Wane gari?"

"Ba su sani ba."

Mama Agnes ta dafe ƙirji. Mutum ya haye teku, a shafe masa suna, amma kukan gidansu ya ƙi fita daga bakin jikokinsa! 

"Litinin ki koma makarantarki," ta ce. "Ki rubuta su da kyau. Yanzu dai maido mini shi daga farko."