Ƙaiƙayin Ƙara

Zazzaɓi ya kwantar da kaina a kan teburin zane bayan azahar, ruwan Fatakwal yana dukan kwanon ma'aikatarmu ba ƙaƙƙautawa. Aikina ƙera bindigar iska ne, wani tulun ƙarfe da ake ɗura wa iska, jirgi ya ja shi cikin teku, ya sake ta lokaci guda. Ƙarar ta nutsa cikin duwatsun ƙarƙashin ruwa ta dawo, mu kuma mu karanta inda mai yake kwance. Oga Tukur yana so bakin tulun ya riƙa buɗewa farat ɗaya don bugun ya yi ƙarfi, na kuwa zana masa. Malam Ɗanjuma mai yankan ƙarfe ni kaɗai yake jira in ce a yanka. In an yanka, shi ke nan. Na ce bari in ɗan runtsa.

Sai teburin ya jiƙe, ya yi laushi, na zurma.

Na tsinci kaina ina tafiya a kan rairayi, ruwa kore ya zame mini sararin sama. Wata kumfa mai girman ɗaki ta tare ni, tana kumbura tana tsukewa kamar ƙirjin wanda ya sha gudu.

"Injiniya, ka iso? Ni ce kake haifa a kowane bugu. Ko suna ba ka raɗa mini ba."

"Na gaji," na ce.

"Kowa a nan a gajiye yake. Shigo."

Na shiga cikinta, ta ɗauke ni, ta sauke ni a wata masussuka. Tsofaffin mata ne a tsaye da ƙore a hannu, suna sheƙar ƙara kamar gero. Mai nauyin tana zubowa baƙa wuluk, tana shigewa ƙasa. Marar nauyin tana tashi fara fat, mai tsini kamar ƙayar kifi, ruwa yana kwasarta.

Wata tsohuwa ta dube ni. "Ɗan nan, wannan mai nauyin ita ke shiga dutse ta kawo muku labari. Waccan siririyar fa?"

"Ba ta da amfani, Inna. Kwamfuta tana tace ta, ba ma ko ganinta."

Ta yi dariya har ƙwaryar ta kusa suɓuce mata. "Daga allonka ka share ta. Daga ruwa wa ya share?"

Kafin in amsa, masussukar ta narke, ƙaiƙayin ya zama yayyafin allurai. A tsakiyarsa na ga ayu, uwa, nononta yana tsiyaya, farin zare yana bin ta a ruwa. Tana kira da wata 'yar murya da ta tsaga mini zuciya. Ɗanta kuwa yana bayan wani dutse, ko taku biyu babu, shi ma yana kira. Duk sanda suka buɗe baki sai bugu ya sauko, alluran su haɗiye muryoyin.

Ta juyo gare ni. "Bawan Allah, ko ka ga wani yaro? Muryarsa ba ta fita in ana hayaniya."

"Ga shi nan bayanki!"

Ta zuba wa leɓena ido. "Na ga bakinka yana motsi. Allah ya saka da alheri." Ta wuce, ta yi wajen da ba nan yake ba.

Na bi ta ina kuka, ƙafafuna kamar an ɗaura musu turmi, sai na yi tuntuɓe da ƙarfe. Bindigata ce kwance cikin ciyawar ruwa, bakinta sak yadda na zana shi.

"Muƙamuƙina ya gaji," in ji ta. "Bar ni in riƙa buɗe baki a hankali. Zurfin muryata yana nan, tsinin ne zai tafi."

"Oga zai ce bugun ya yi sanyi. Zai ba wani aikin."

"Oganka ya taɓa tsoma kunnensa a nan?"

Ta fara jan numfashi, cikinta yana cika, ga uwar ta kusa ɓacewa cikin duhu. Na faɗa kan bindigar, na toshe bakin da tafukana biyu, ƙarfen yana rawa, yana rawa...

Ƙwas! Malam Ɗanjuma ne ya buga sifana a kan tebur.

"Injiniya Mudan, a yanka, ko sai ango ya gama barci?"

Rigata sharkaf da gumi. Na jawo kwamfuta, na cire matatar da muka saba tace ƙarar bugu da ita. Wani jan tsauni na siririyar ƙarar nan ya miƙe a gefen allon, inda kullum fili ne.

Ya leƙo. "Wannan kuma daga ina?"

"Yana nan tuntuni. Kada ka yanka, Malam. Wurin Oga za ni."

"Da wannan jikin? Zai kore ka fa."

Na dafa tebur na miƙe. Har na kai ƙofar ofishin wani siririn kira bai bar kunnena ba, ban kuma san ko zazzaɓin ne ba.