Ƙarnin Farce

Wata huɗu da buɗe shagon turaren Phoebe a Gomari, ba a samu mace ɗaya da ta saya ta sake dawowa ba. Sukan shigo, su yaba kwalabe, su ɗauki ɗaya, shi ke nan kamar ƙasa ta haɗiye su. Ita kuwa ta bi takardar da aka ba su a wajen koyon sana'a layi-layi, ba ta tsallake ko ɗaya ba.

Tun da mijinta Daniel ya rasu, 'ya'yan suka watse Yola da Jos, gidan ya yi mata faɗi. Shagon ta buɗe don ta riƙa jin muryar mutane, sai ga shi ta koma zaman kallon keke napep. Yayanta ya kira daga Biu ya ce ta tattaro ta dawo gida, mace 'yar kudancin Borno me ya haɗa ta da turaren Barebari? Ta ce masa ya bari zuwa Kirsimeti, in abin bai tashi ba za ta rufe.

Wata Talata da hantsi wata tsohuwa ta shigo, cikin lafaya ruwan goro, riƙe da kwalbar da jikarta ta saya. Ba ta tsaya doguwar gaisuwa ba.

"Ke ce mai wannan? Kawo garwashi."

Phoebe ta kawo kasko. Tsohuwar ta zuba turaren, ta jira hayaƙin farko ya wuce, sannan ta turo mata kaskon gaban hanci.

"Shaƙa. Amarya za ki turara, ko kasuwar kifi ta Baga Road za ki kai mata ɗaki?"

Kunya ta kama Phoebe kamar ta nutse. Lallai akwai ƙarni can ƙarƙashin ƙamshin, ita ce ba ta taɓa tsayawa har ƙarshen hayaƙi ba. Tsohuwar, Ya Falmata daga Shehuri, ta ce laifin na farce ne, ɓawon nan na halittar ruwa da ake dakawa a zuba don ƙamshi ya kama tufafi. Phoebe ɗauraye shi kawai take yi. Ashe sai an jiƙa shi ya kwana, an kankare ragowar naman da wuƙa ɗaya bayan ɗaya, an soya shi har ya yi ja.

"A takarda ba a rubuta ba, Ya Falmata."

"Takarda tana da hanci ne, Fibi?"

Daga ranar, kowace Talata sai ta zo. Ba ta saye, ba ta yabo. Ta zauna a kan benci, ta shaƙa, ta yatsine fuska: sukarin ya ƙone, gajijin ya yi yawa, wannan kuma an buɗe shi tun bai yi kwana arba'in a rufe ba. Masifaffiya ce ta gaske, amma takan sha shayi, ta yi hirar zamanin da ita ma take haɗa turare kafin hannunta ya fara rawa. 'Ya'yanta mata uku, duk ma'aikatan ofis, ba wadda ta yarda ta zauna ta koya. Phoebe kan kwana shida tana tara labarin da za ta ba ta. Ba ta da wata ƙawa a garin nan sai wannan mai faɗan.

Ana saura mako biyu Kirsimeti, Ya Falmata ta zuba sabon haɗi a wuta, ta rufe ido tana shaƙa. Hayaƙin ya ƙare tas.

"Ya yi," ta ce. Ta miƙe, ta gyara lafaya. "Ba abin da ya rage in gaya miki."

A makon nan mata suka fara zuwa daga Shehuri, wasu har daga Khaddamari, kowace ta ce Ya Falmata ce ta turo ta. Phoebe ta kira yayanta ta ce ba za ta dawo ba. Hannunta bai sake hutawa ba, sai dai masu sayen a tsaye suke, su karɓa su wuce. Talata ta zo ta wuce, wata ma ta wuce, har huɗu, Ya Falmata ba ta leƙo ba.

Ran nan jikar tsohuwar, Mu'mina, ta zo karɓar na bikin ƙawarta. Phoebe ta tambayi lafiyar kakarta.

"Lafiyarta ƙalau, Anti. Cewa ta yi kin iya, me za ta zo yi kuma?"

Phoebe ta ɗaure leda. Can ta ɗauko wata kwalba daga bayan kanta.

"Ki ce mata wannan haɗin bai yi min ba, ta zo ta duba."

Mu'mina ta buɗe, ta shinshina, ta sake shinshinawa. "Anti, wallahi ba abin da ya samu turaren nan."

"Ke dai ki gaya mata."