Yatsan Baba a Kan Bulo

Shekara talatin Baba ya yi yana tura baron ƙurar ma'adinai daga masana'anta zuwa juji, har jujin ya zama tsauni a bayan unguwa. Da masana'antar ta rufe, ta bar wa unguwa tsaunin, shi kuma ta bar masa tari. Ma'aikatan wurin suna da wata ɗabi'a: in an tashi aiki, mutum ya goga yatsa a bakin taga ya duba, ya san abin da ya shaƙa ranar. Baba bai daina ba ko da ciwo ya kwantar da shi. Ƙarfen gado ma sai ya shafa, ƙanwarsa Gwaggo tana mita wai ya mayar da ita ƙazama.

Autarsa, wadda unguwa ke kira Injiniya, ita ce ta sha alwashin ɗaure ƙurar nan. A ɗakin gwaji take kwaɓa ta da sinadarai biyu, garin magnesiya da ruwan fosfet. Kwaɓin ya ɗau zafi da kansa, kafin awa guda ya daskare ya zama bulo mai tauri kamar tangaran, bai ga wuta ba. Sai dai ba a yarda da bulo sai ya kwana ashirin da takwas cikin ruwa, an auna ruwan an ga guba ba ta fito ba. Saura kwana tara, likita kuwa ya ce kada su sa rai Baba zai kai mako guda.

Abin ya tsaya mata a rai, don Baba ya sha cewa duk yaron da ke tari a unguwar, da hannunsa ya kai masa tarin. Ba ta son ya tafi da wannan nauyi. Gwaggo ta ce ta gaya masa an gama kawai, wa zai tona? Injiniya ta kasa. Mutumin da ke auna ƙura da yatsa ba a rufe masa ido.

Ta ɗauko bulo ɗaya na kwaɓin da ba a jiƙa ba, ta ɗora masa a ƙirji, ta faɗa masa gaskiya: sakamako bai fito ba tukuna.

Baba ya goga babban yatsa a jikin bulon da duk ƙarfin da ya rage masa, ya ɗaga wajen hasken taga. Ya daɗe yana kallo.

"Ƙurar ba ta tashi ba, Auta," ya ce. "Kwana taran nan naku ne. Ni na ga nawa."

Hannunsa bai sake neman ƙarfen gado ba.