Rabon Mai Gona

Wata biyu Issoufou yana wuce filin nan na bayan gidansu a unguwar Hor Al Anz, can ƙasar Larabawa, kullum sai ransa ya sosu. Fili ne fetal, ba katanga ba mai gadi, sai allo guda da aka kafa. Wakili, abokin zamansa mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki, shi ya karanta masa: gwamnati ta keɓe wurin don gina makaranta nan gaba.

"Nan gaba yaushe?"

"Ba su rubuta ba."

Shi kuwa mutumin Galmi ne, ya ga ƙasa kwance ba ta aikin komai, ai zunubi ne. Ya sa aka kawo masa irin albasa daga gida, ya ja kunya shida a lungun bayan allon. Ban ruwa kuwa bai gagara ba: duk ruwan da na'urorin gidan ke ɗigarwa, bokitinsa na ƙarƙashi. In ya taso daga lodin kaya a tashar jiragen ruwa ta Port Saeed, ko takalmi ba ya cirewa sai ya gai da albasa.

Ba wanda ya kula. Da ya yi shiru, da har yau yana noma.

Ranar da kunya biyun farko suka nuna, sai ya ware manyan a kwando, ya sa riga mai aiki.

"Ina zuwa, Sarkin Noma?" in ji Wakili.

"Zan kai wa mai gona rabonsa. A garinmu wanda ya ci aron gona bai kai kwando ba, ɓarawo ne."

"Wa ya ara maka? Allo?"

"Taso ka yi mini tafinta, mon frère."

"Mutum ya ɗauki ƙafarsa ya kai kansa ƙara! Ni dai bizata saura wata bakwai, kada ka ce ka san ni."

Amma ya bi shi.

A ofishin filaye suka tarar da wani jami'i mai farar kandura, doguwar rigar nan tasu. Issoufou ya dire kwando a kan tebur, ya ce a kira masa daraktan makarantar. Jami'in ya duba lambar filin a kwamfuta, ya duba albasa, ya sake duba kwamfuta.

"Habibi, babu makaranta. Yaran da za su shige ta ma ba a haife su ba."

Wakili ya fassara, yana kallon ƙofa.

"To a ajiye wa iyayensu."

"A ina ka samo wannan?" in ji jami'in, yana nuna albasar.

Wakili ya taka wa Issoufou ƙafa. Ina! Issoufou ya washe baki ya zana kunya shidan a bayan ambulan, har da inda bokiti ke zama. Roƙonsa ɗaya: a bar masa sauran huɗun su nuna, sati uku kacal. Jami'in ya yi dariya har ya share hawaye, sannan ya ce filin na yara ne, dole a killace shi. Kwandon ma a ɗauke. Issoufou ya ce kyautar da ta fita ba ta komawa, ya yi gaba abinsa.

Ran Asabar motar shinge ta iso. Shugaban leburorin ya ce zuwa azahar za a rufe wurin, khalas. Duk mutanen gidan suka fito tumɓuke albasa ɗanya, mai gajeren wando da mai tawul, Wakili na ta mita yana hawayen da ya rantse na albasa ne.

Issoufou ya rungumi dami na ƙarshe, ya tsaya gaban shugaban leburorin yana haki.

"Wakili, gaya masa. In darakta ya zo, lungun nan kada ya yarda a zuba siminti. Buhu tara na kashin raƙumi na binne a ciki."

"Yalla," in ji mutumin, ya kora su waje, ya danna wa ƙofar shingen kwaɗo.